AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Kazar Da Ƙanƙara Ta Saki, A Ci Ko A Zubar?

  

Yau wasiƙu biyu muka haɗa wuri ɗaya, don kuwa maganarsu guda ce. Ta farko daga wata Hajiya ce mai sayar da abinci a bakin tasha, a wani gari cikin ƙasar Funtuwa. Ta ce ta sayi katan guda na daskararrun kaji saboda ranar kasuwa, ta ba maƙwabcinta mai sayar da ruwan sanyi ajiya a firizarsa. Ranar Talata da yamma aka ɗauke wuta, ba a maido ba har safiyar Juma'a. Da suka buɗe, sai suka tarar kajin sun saki gaba ɗaya, suna kwance cikin ruwan jini, babu ƙanƙara ko ta magani, ruwan ma ba sauran sanyi a jikinsa. Amma ta ce ta shinshina ba ta ji wari ba, naman kuma tas a ido. Shi ne take tambaya, shin in ta wanke da lemun tsami ta soya ƙwarai, za ta iya sayarwa? Ta ƙara da cewa katan ɗin nan shi ne jarinta duka.

Wasiƙa ta biyu daga wani manomi ce daga wajen Gumel, wanda ya kan taɓa kasuwanci da rani. Shi kuma ya ce iyalinsa su kan fitar da kaza daga firiza da dare, su bar ta a kwano a tsakar gida, kafin gari ya waye ta saki. Yana so ya ji ko wannan daidai ne, kuma in an dafa rabi, ko za a iya maida sauran cikin ƙanƙara.

To, Hajiya, mun san kafin amsar nan ta iso gare ki kin riga kin yi abin da kika yi da wancan katan. Amma tun da ɗauke wuta bai ƙare ba, amsar za ta yi miki rana nan gaba, ke da masu sana'a irin taki. Ba za mu yi miki rufa-rufa ba: kajin da suka yi irin wannan kwanan, ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. Bari mu bi dalilin sannu a hankali.

ABIN DA SANYI KE YI

Kaza tun tana raye akwai ƙwayoyin cuta a cikin hanjinta, ko da kuwa lafiyarta lau, tana kiwo tana ƙwai. Wajen figa da cire kayan ciki sai su shafi fata da nama. Guda biyu ne likitoci suka fi ambata a kan kaza, watau Salmonela da Kamfilobakta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma su ne ke kawo gudawa da murɗawar ciki da zazzaɓi.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙanƙara na kashe su. Ba ta gamawa da su, kwantar da su kawai take yi. Kai manomi ka san irin ciyawa. Da rani gonarka fes, ka rantse babu komai a cikinta, amma ruwan farko na sauka sai ka ga tsiro ko'ina. To haka ƙwayoyin nan suke a firiza. Muddin sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili suna nan kwance, ba sa ƙaruwa. A firji na ƙwarai, wanda sanyinsa bai haura digiri 5 ba, motsinsu kaɗan ne. Da zarar nama ya wuce digiri 5, har zuwa wajen digiri 60, to damina ta faɗi musu. Irin su Salmonela, in suka sami ɗumin da suke so, kowace ɗaya ta kan rabu biyu cikin kamar minti 20. Ku yi lissafin da kanku: ɗaya ta zama takwas a awa guda, a awa bakwai kuwa ta haura miliyan biyu. Ɗumin da suka fi so shi ne kwatankwacin na jikin mutum, watau dai irin zafin ɗakunanmu da bazara.

Saboda haka ne ma'aikatan lafiya suka sa ƙa'ida cewa ɗanyen nama kada ya wuce awa biyu a waje ba sanyi. In kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce tak. Mu da muke ganin digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ai mun san wadda ta shafe mu.

Yanzu mu koma kan katan ɗinki, Hajiya. Firizar da ke cike maƙil, in ba a buɗe ta ba, ta kan riƙe sanyi kamar awa 48 bayan ɗauke wuta. In rabi ce, awa 24. Ke kuwa daga yammacin Talata zuwa safiyar Juma'a wajen awa 60 ke nan, ga shi mai firizar ruwan sanyi yake sayarwa, da wuya a ce bai buɗe ba. Tun da kin tarar ruwan ya huce, to kajin nan sun daɗe da wuce awa biyun da aka yarje.

HANCI BA YA ISA SHAIDA

Kin ce ba ki ji wari ba. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, don haka ku kasa kunne da kyau. Ƙwayoyin da ke hawa nama ƙungiya biyu ne. Akwai masu ruɓar da shi, su ne ke kawo bashi da yauƙi da canjin launi. Akwai kuma masu sa ciwo, irin biyun da muka ambata, su kuwa ba su da wari, ba su da ɗanɗano, ba sa canza kamar nama. Kaza ta kan cika da su maƙil tana nan jawur gwanin sha'awa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kan hatsi, amma a kan wannan al'amari ido bai san kima ba.

Ba mu ce a daina shinshinawa ba. In hanci ya ce kaza ta lalace, a gaskata shi nan take, ba sai an nemi wata shaida ba. In kuwa ya ce lafiya, to sai a ƙara bincike. Alamomin lalacewa su ne warin bashi ko tsami ko na ruɓaɓɓen ƙwai, da yauƙi mai danƙo wanda ko an ɗauraye ba ya fita, da launin toka-toka ko kore-kore, da naman da in ka danna da yatsa gurbin ba ya komawa. Ko ɗaya daga cikinsu aka gani, magana ta ƙare.

Akwai kuma abubuwan da ke tsorata mutane alhali ba komai ba ne. Ɗan ƙarni na ɗanyen nama ba laifi ba ne. Ruwa ja-ja da ke fita in kaza ta saki, shi ma haka. Tabo fari busasshe a jikin fata, iskar firiza ce ta busar da wurin, sai a yanke a yar, don daɗi kawai yake ragewa. Haka nan in kun dafa kun ga ƙashi ya yi duhu, ɓargo ne ya tsattsafo saboda ƙanƙara, musamman a kajin gidan gona masu ƙananan shekaru.

Sai batun lemun tsami da suya. Lemun tsami, da citta, da yaji, da kanwa, iyakarsu su ɓoye wari, ba sa maida nama sabo. Wuta kuwa gaskiya ne tana kashe ƙwayoyin cuta in zafi ya ratsa har tsakiyar nama ya kai digiri 75. Amma akwai wata ƙwaya da ake kira Istafilokokas, wadda ke zaune a hancin mutane da fata da gyambo, ta kan hau nama daga hannun masu taɓa shi. In ta sami ɗumi da lokaci ta kan bar dafi, dafin nan kuwa tafasa ba ta karya shi, mai ma ba ya karya shi. Ƙwayar ta mutu, dafin na nan. Shi ne za ka ga an ci nama soyayye ƙayau a wurin biki, kafin a yi awa uku ana ta amai. Bugu da ƙari, ruwan da ke zuba daga irin wannan kaza ya ishi ya ɓata wuƙa da faranti da hannu da duk abin da suka taɓa, tun ma ba a kai ga kasko ba.

YADDA ZA KU YANKE HUKUNCI

Abin da ke raba gardama shi ne tarihin kazar, watau ina ta kwana, kuma awa nawa ta yi ba sanyi. Idan kuka buɗe firiza bayan ɗauke wuta, ku sa hannu ku taɓa. In har yanzu akwai tauri, ko ana jin ɓurɓushin ƙanƙara a cikin naman da cikin kazar, to lafiya lau, a dafa ko a maida. In ta saki amma sanyinta na cizon hannu kamar abin da aka ciro daga firji yanzu, a dafa a ranar, kada a jira gobe. In kuwa ta saki ta huce, kuma ba wanda zai iya rantsewa bai fi awa biyu ba, to a haƙura da ita. Wanda bai san tsawon lokacin ba, ya ɗauka ya wuce.

Ga wata 'yar dabara ga masu tafiya kasuwannin ƙauye su kwana biyu ba sa gida. Ka sami gorar roba, ka zuba ruwa rabi, ka kwantar da ita a firiza har ta daskare, sa'an nan ka tsayar da ita. Ranar da ka dawo ka tarar ƙanƙarar ta sauko ta zauna a gindin gora, ka san an ɗauke wuta har komai ya narke, daga baya ya sake daskarewa. A nan taurin kaza ba shaida ba ne, don daskarewa ta biyu ba ta goge abin da ya faru a tsakani.

AMSAR MALAM NA GUMEL

To, Malam, barin kaza a kwano a tsakar gida har gari ya waye kuskure ne, ko da an daɗe ana yi ba a ga komai ba. Kaza daga waje take fara saki. Tsakiya na nan da ƙanƙara, amma fata da saman nama sun yi awa shida ko bakwai cikin ɗumi, a nan ne kuma ƙwayoyin suka fi yawa. Kada ka ce ai lokacin hunturu ne. Sanyin da ke sa mu jin wuta da asuba bai kai na firji ba. Shanya ta a rana ko tsoma ta a ruwan ɗumi a bari, wannan ya fi muni.

Hanyar da ta fi kyau ita ce a sauko da ita daga firiza zuwa firji, a sa ta a kwano mai murfi, a ajiye a can ƙasa don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abinci. Kaza guda ta kan ɗauki kamar kwana ɗaya. Bayan ta saki, a dafa ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ba shi da firji, ya ƙulle ta a leda marar huji, ya nutsa ta a ruwan randa mai sanyi, yana canza ruwan duk rabin awa. Kaza madaidaiciya ta kan saki cikin awa biyu zuwa uku, kuma tana saki sai tukunya, ba jira. In yankakkiya ce, ana ma iya zuba ta a tukunya da ƙanƙararta, sai dai a ƙara mata kamar rabin lokacin da aka saba. Amma kada a gasa ko a soya wadda ba ta gama saki ba, don waje zai ƙone ciki na ɗanye.

Batun maida saura kuwa, in a firji ta saki kuma ba ta wuce kwana biyun nan ba, ana iya maida ta, illa dai naman zai rage daɗi. In a ruwa ta saki, sai an dafa tukuna, ta huce, sa'an nan a maida dafaffiyar. Abin da ya fi sauƙi shi ne tun ranar da aka sayo a yayyanka, a ƙulla leda-leda gwargwadon girki ɗaya, kullum a ciro abin da za a ci.

YADDA ZA A CECI JARI

Hajiya, mun san zafin asara, ba kuma muna magana ba ne don kuɗin ba namu ba ne. Amma jarin nan ranar Laraba ya kamata a cece shi, lokacin da kajin ke da sauran ƙanƙara. Nan gaba in wuta ta kwana ba ta dawo ba, kada ki zauna jiran tsammani. A bar firiza a rufe, a daina leƙawa. A sayo ƙanƙarar bulo a jera a kai, ko a kwashe zuwa wurin mai sola ko janareta a biya shi ladan ajiya. In duk ba hali, a hura wuta tun da sauran sanyi, a tafasa da gishiri, a soya, a sayar a ranar ko da an karya farashi. Riba kaɗan ta fi zubarwa. Kuma da bazara gara a sayi abin da zai ƙare a kasuwa ɗaya.

Wanda ya riga ya lalace, a haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a sayar wa mai tsire da araha, kada a ba almajirai da sunan sadaka. Wanda ya ci abincinki a tasha bai ga katan ɗin ba, amanarki ya ci. In mutum goma suka kwanta a rana ɗaya, ai gari zai san rumfar da suka ci, ka ga garin neman gira an rasa ido.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci ke kwantarwa kowace shekara, 420,000 daga ciki su rasu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Rahoton ya nuna nahiyarmu ta Afirka ce abin ya fi yi wa nauyi. Ƙato majiyi ƙarfi zai yi gudawar kwana biyu ya miƙe. Yaro ƙarami, da tsoho, da mai juna biyu, da wanda ciwo ya riga ya raunana, su ne abin ya kan tafi da su.

IN ZA KU SAYA

A kasuwa ma sai an buɗe ido. Kazar da ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita tana da alama: za ku ga jini ya taru ya daskare a kusurwar leda, ko manyan ƙanƙara a ciki, ko katan ya jiƙe ya bushe ya bar shaida. Ku tambayi mai kaya daga ina suke. Nijeriya ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje tun farkon shekarun 2000, saboda haka waɗanda ake satar shigowa da su ta kan iyaka su kan yi doguwar tafiya a ɓoye ba tare da motar sanyi ba, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kansu. In kun saya, ya zama shi ne cefanen ƙarshe, a wuce gida kai tsaye. In tafiyar da nisa, a sa a kula da ƙanƙara.

A gida kuma, mun san ba matar da za ta yarda ta dafa kaza ba ta wanke ba. Masana sun ce wankin ba ya cire ƙwayoyin, fantsama su yake yi. In dai za a wanke, a yi a cikin roba a hankali, nesa da kwanonin abinci, a zubar da ruwan inda yara ba sa wasa. Sa'an nan a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu kafin a taɓa latas ko tumatir ko albasar da za a ci ɗanya. Wajen dahuwa, a tsaga cinya ta wurin da ya fi kauri, a ga babu jan nama, ruwan da ke fita kuma garau. Irin girkinmu na tafasawa sosai kafin suya ya wadatar. Dafaffiyar ma kada ta wuni a buɗe, in za a ci saura a ɗumama har ta yi tururi.

IN AN RIGA AN CI

Ciwon ba lallai ya zo a ranar ba. Na dafi ya kan zo cikin 'yan awoyi da amai. Salmonela daga awa shida har zuwa 'yan kwanaki. Kamfilobakta kuwa sai bayan kwana biyu zuwa biyar, lokacin an ma manta da kazar, sai a ɗora wa ruwa ko sammu. Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba maras lafiya ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a kemis. In babu, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Kada a saya wa mutum kafso barkatai ba da izinin ma'aikacin lafiya ba. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, ko gudawa ta kai kwana uku, to a garzaya asibiti. Yaro ƙarami kuwa ba a jira da shi.

To, Hajiya, Allah ya maida miki da alheri, ya sa albarka a abin da ya rage. Malam na Gumel, a gaida iyali, a kuma gaya musu kwanon tsakar gida ya huta haka nan. Sauran masu sauraro, duk ranar da kuka tsaya a kan kaza kuna wasi-wasi, ku tambayi kanku awa nawa ta yi ba sanyi kafin ku tambayi hanci.

A nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku kamar yadda kuka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.